Jarka Huɗu

Wata bakwai ke nan da aka harbe Mutawakilu
a kan dandamali, a filin makarantar Aboabo,
yana tsakiyar alkawari.
Ya ce "ruwan", bai kai ga "famfo" ba.

Har yau a rumfar Inusa mai koko
ba a shan kofi biyu ba a tono shi ba.

Salifu, da ya yi soja har Labanan,
ya ce mutum ɗaya ne.
Ya ajiye ƙosai a bakin tebur: ga benen kemis.
Ya kwantar da cokali: ga dandamali.
Harbi uku, daƙiƙa biyar, yatsa ɗaya ya isa.
Sauran ƙarar da kuka ji
bangon masallaci ne ya maido muku da ita.
Yaron da ke hannu, shi ne. A rufe magana.

Fuseini mai gyaran waya sai dariya.
Hoton yana wayarsa, ya kalla har gilashin ya gaji.
Kai ya yi baya, hula ta yi gaba.
Wane harsashi ne ke yin kwana
kamar direban da ya hango fasinja a Kejetia?
Akwai na biyu bayan tankin makaranta,
akwai na uku cikinmu, sanye da rigar jam'iyya.
Yaron da ko kaza sai an riƙe masa?
In ka ga kare na shinshinar takalmi, in ji shi,
ɗauka zai yi, amma ka tambayi wa ya ajiye.

Maame Adwoa mai kifi ta ji huɗu.
Jiya ta ce biyar.
Ranar tana ƙarƙashin tebur, tire a ka.

Daga nan sai idanu su juyo kaina,
domin ni na wanke shi.

Kwana uku ya yi a asibiti kafin su ba mu.
Ya zo a ɗinke daga wuya zuwa cibiya,
zare mai kauri, irin ɗinkin huhun goro.
Ba zan ce ban ƙirga ba.
Hannu yana ƙirga da kansa, ko ka hana shi.
Amma wanda ya koya mini aikin, Allah ya jiƙansa,
ya ce mai wanka ido gare shi, ba shi da baki.
Ko da ina da shi, me zan ce?
Wata ƙofar ta shiga ce, wata ta fita,
wata kuma wuƙar likita ce ta buɗe.
Rauni ba ya faɗin sunan wanda ya aiko.

Abin da na gane sarai, tabon gwiwarsa ne na hagu.
Yana ɗan shekara shida ya faɗa kwatar Alabar,
ni na tsamo shi, yana kuka yana neman silifa ɗaya.

Ran sadakar arba'in Hajiya Lantana ta aiko a kira ni.
Na tafi ina shirya yadda zan ƙi amsawa.
Ta daɗe tana murza bakin mayafi,
sannan ta ce, "Malam, ruwan da ɗumi?
Tun yana ƙarami ba ya son na sanyi."
Na ce da ɗumi, Hajiya, ni na dafa.

Ban gaya mata famfo bai zo ba ran nan.
Jarka huɗu muka saya, sidi biyu biyu,
Fuseini ya ɗauko biyu, Salifu biyu,
ba wanda ya ce uffan har muka dawo daga Tafo.

Yau ma sun fara.
Salifu ya manta, ya cinye benen kemis,
yana neman wani ƙosan ya sake ginawa.